Hunturu ya buɗe min cikin kontrabas, dan Allah ina neman shawara

Mai Kontrabas, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Dan Allah wanda ya san harkar katakon kayan kiɗa ya taimaka min, wlh tun jiya hankalina ba kwance yake ba. Ga waɗanda ba su sanni ba ni ne mai kaɗa babbar gogen nan ta tsaye, kontrabas, a orkes ɗin wani otel nan Garwa daren Juma'a da Asabar. Shekara 7 kenan tana hannuna, na saye ta wurin wani bature malamin makaranta lokacin da zai koma gida, takardar da ke manne a cikinta an rubuta Reghin, wani gari ne a Romaniya da ya shahara da sassaƙa irin waɗannan kaya. Daren Asabar muna cikin kiɗa sai na ji wani zizi kamar ƙudan zuma ya shiga cikinta, musamman in na taɓa tsirkiyar Mi, mai kaurin nan. Da na dawo gida na haska da tocilan waya sai na ga gefen ƙasa inda bayanta ya haɗu da haƙarƙari, wato katakon gefe, ya buɗe, tsawon kamar taƙi ɗaya, takarda na shiga ciki ba wahala. Tsoro ya kama ni na sassauta tsirkiya huɗun gaba ɗaya wai kar ta ƙara tsagewa, ina kwantar da ita sai na ji ƙwal, wani abu ya faɗi a ciki yana gangarawa. Asabar ta sama muna da biki kuma an riga an ba mu kafin alƙalami. Yaya zan yi?

Bas Lantarki, Ngaundere: Wa alaikumus salam. Yaya sannu, Allah ya kiyaye gaba. Amma tsakani da Allah na sha gaya maka wannan kayan ba na ƙasarmu ba ne. Abu ya fi mutum tsayi, santimita 180 da ɗoriya, ba ya hawa moto, taksi na ganinka sai ya ƙara wuta. Tun 1951 Leo Fender ya fito da bas na lantarki don a huta da wannan dakon. Ka duba manyanmu da duniya ta san Kamaru da su, Richard Bona, Etienne Mbappé, Armand Sabal-Lecco, ai da na lantarki aka san su. Ka samu Super Glue ka ɗiga mata ka yi bikinka, daga baya ka nemi mai saye.

Baba Tsohon Orkes, Njamena: A'a a'a, ɗana kar ka kuskura. Kar Super Glue ya kusanci katakon nan, haka farin gam na kafintoci, haka mai haɗi biyun nan da ake gyaran moto da shi. Ka saurare ni da kyau, na riƙe irin wannan kayan tun kafin a haifi wasunku. Abin da ya same ka ba lalacewa ba ce, ita kayar ce ta ceci kanta. Masu sassaƙa ta da gangan suke haɗa ta da gam ɗin fata, wanda ake samu daga fatar dabba, don ƙarfinsa bai kai na itacen ba. Hunturu in ya shigo itace yana tsukewa ta faɗinsa, to dole wani wuri ya saki, ko dai mahaɗa ta buɗe ko fuskar ta tsage. Mahaɗa gyaran kwana ɗaya ce, tsaguwar fuska kuwa sai an ɓalle murfin duka an yi mata faci ta ciki, mu nan kuwa wa zai yi maka wannan? In ka sa gam mai ƙarfi, baɗi mahaɗar ba za ta saki ba, fuskar ce za ta biya bashin.

Abin da ya faɗi a ciki kuma wata 'yar sanda ce kaurin babban yatsa, Faransawa na ce mata am, wato rai. Tana tsaye ne tsakanin fuska da baya, dab da ƙafar jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, ta ɓangaren tsirkiyar Sol, siririyar nan. Ba a sa mata gam, nauyin tsirkiyoyi ne kawai ke danne ta. Kai da ka saki huɗun lokaci ɗaya ka ɗauke mata abin da ke riƙe ta. Yanzu abu mafi muhimmanci, KAR ka ɗaure tsirkiya ko ɗaya sai an tayar da ita, in ba haka ba fuskar za ta lotsa.

Mai Kontrabas, Garwa: Innalillahi, Baba wlh da yanzu nake shirin ɗaure su in gwada ko zizin ya tafi. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. To gam ɗin fatar a ina zan samu? Na zaga babbar kasuwa yau da safe masu kayan gini ba wanda ya gane abin da nake nufi, kowa sai ya miƙo min farin gam.

Kafinta, Marwa: Malam ni ba makaɗi ba ne, ƙanina ne ya sa ni a gurup ɗin nan saboda ina gyara musu akwatunan sifika. Gam ɗin da Baba ke faɗa na san shi, maigidana da ya koya min aiki da shi yake haɗa kujeru kafin farin nan ya cika gari. Yana zuwa kamar ƙwayoyi ko ɓawo ruwan ƙasa-ƙasa, a jiƙa shi da ruwan sanyi ya kumbura sannan a ɗora gwangwaninsa a cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai tsaye kan wuta ba, kuma ba a barinsa ya tafasa, zafin digiri 60 haka ya isa, in ya tafasa ƙarfinsa ya mutu. Ka tambayi tsofaffin kafintoci ba masu shago ba. In ya gagara, jelatin na girki marar suga marar kala da ake sayarwa a manyan kantuna ɗan gidansu ne, yana riƙewa. Abin matsewa kuwa kar ka yarda a sa mata sarjuwan na ƙarfe irin namu, zai murƙushe gefen. Ni zan iya yanka maka 'yan gammon katako in huda su in zura dogon noti, in manna fata a bakinsu, guda 6 ya ishi taƙi ɗaya. Ka auno min kaurin cikinta kawai in ba mota ta kawo maka, Marwa zuwa Garwa ai kilomita 200 da ɗan wani abu ne.

Baba Tsohon Orkes, Njamena: Madalla da kafinta, haka ne. Ƙari ɗaya, kafin a zuba sabon gam a tsoma siririyar wuƙa marar kaifi a ruwan ɗumi a wanke tsohon da ƙurar da ta shiga. A yi sauri domin gam ɗin yana daskarewa da wuri, a matse a hankali, a goge wanda ya tsatso da tsumma mai laima, a bar ta ta kwana.

Ɗan Gidan Goge: Ni abin da ya burge ni Baba ya ce jaki. Wlh mu ma a gidanmu ɗan katakon da tsirkiya ke hawa jaki muke ce masa, tun kakanni.

Baba Tsohon Orkes, Njamena: To ai su Faransawa shabale suke cewa, asalin kalmar ɗan ƙaramin doki take nufi. Kowa dai dabbar dako ya gani a wurin. Shi ma ba a manne yake ba, shi ya sa ko tsirkiya za ka canza ɗaya bayan ɗaya ake yi, ka goga bakin fensir a ramin da take kwanciya don ta riƙa zamewa kar ta ja jakin ya karkata.

Bas Lantarki, Ngaundere: Baba ina girmama maganarka, amma ku duba fa, mutum huɗu muna ta fama a kan gyara ɗaya. Ni tawa tsirkiya in ta mutu kasuwa nake shiga. Yaya faɗa musu nawa kake sayen naka?

Mai Kontrabas, Garwa: Ba zan ɓoye ba ƙanina, akwai tsada. Spirocore nake sawa, na kamfanin Thomastik da ke Biyana, na ƙarshe da wani ɗan uwa ya taho min da su daga Faransa sun haura yuro 200, kuma kun san yuro ɗaya sefa 656 ne, ku lissafa, ya wuce dubu 130 kafin tukwicin wanda ya kawo. Amma ƙarfe ne, waɗannan da ke kai yanzu shekararsu 4 kuma har gobe suna magana. Sirrin kawai tsumma, duk daren da na gama sai na goge kowace ɗaya sama da ƙasa saboda gumi da ƙura. Tsofaffin ma ban yar ba suna cikin aljihun jaka, ranar da ɗaya ta tsinke a wurin biki su ne za su fitar da ni kunya.

Maganar dako kuwa gaskiyarka ce ba zan musa ba. Nauyinta bai wuce kilo 10 zuwa 12 ba, girman ne matsala. Akwai mai taksi ɗaya da muka saba, shi ya san yadda ake kwantar da kujerar gaba a zura wuyanta ta tsakiya ni kuma in zauna a baya ina rungume da cikinta, a kuɗin da nake samu a dare kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa ne. Kwanakin baya da aka gayyace mu Yawunde na hau motar ajans zuwa Ngaundere, yaran mota suka dage sai an ɗora ta sama tare da buhunan albasa a ɗaure da igiya, na ce sam, na sayi tikiti biyu ta zauna gefena, duk hawan dutsen nan hannuna na kan jakin. A jirgin ƙasa kuma kwana na yi ban runtsa ba ina tare ta da ƙafa. A shingen hanya wani jami'i ya ce in buɗe, ya leƙa ta ramin nan mai kamar harafin f ya daɗe yana haskawa, sai da na ja masa tsirkiya ɗaya ya ji ta a ƙirjinsa sannan ya yi murmushi ya ce mu wuce.

Mawaƙiya, Kusuri: Slm. Ni dai ba ruwana da gam, amma na taɓa yin waƙa da bawan Allahn nan a wani biki don haka bari in faɗi abin da na gani. Ana tsakiyar shagali wuta ta ɗauke, gurup, wato janareta, ya ƙi tashi, piyano ya yi shiru gita ya yi shiru, mata sun fara tattara mayafi. Shi kuwa bai tsaya ba, shi da mai kalangu suka ci gaba ni ma na ci gaba da baki ba mikro, kusan rabin awa, aka kunna fitilun waya aka matso kusa aka zagaye mu. Uwar amarya har yau in mun haɗu wannan rabin awar take tuna min. Ƙanina na Ngaundere, a daren nan da bas ɗinka zai zama katako a rataye a wuya.

Bas Lantarki, Ngaundere: Yaya wannan kam na sallama. Amma ai ba don ɗaukewar wuta mutum zai zaɓi sana'a ba.

Mai Kontrabas, Garwa: Ba don wuta ba ne. Bari in faɗa maka abin da ya riƙe ni, ban taɓa faɗa a gurup ba. Kakana na wajen uwa yana da aboki mai goge, ina yaro in ya zo sai in zauna gindinsa, abin da ke kashe min jiki shi ne yadda muryar gogen ke zamewa daga wannan sauti zuwa wancan kamar mai kuka. Da na fara gita sai na tarar ƙarafan da ke wuyanta sun yanka sautin gida-gida, abin da ke tsakani babu shi. Mawaƙanmu na Hausa da Fulatanci kuwa a tsakanin nan suke zaune, ba sa tsayawa daidai inda piyano ya ce. Wuyan kontrabas sumul yake ba ƙarfe ko ɗaya, yatsana ne ke neman wurin, in mawaƙiya ta ɗan sauko ƙasa zan sauko in same ta. Ranar da na fara ɗora baka a kanta na ja Mi, tagar ɗakin ta ɗauki rawa, na ce wannan ai gogen tsohon nan ce ta girma. Mahaifina bai so ba, ya ce gidanmu ba a taɓa roƙo ba, sai da na yi shekara biyu ina ajiye ta gidan aboki. Yanzu in na daɗe ban taɓa ta ba shi yake aiko yaro ya tambaya ko lafiya.

Bas Lantarki, Ngaundere: Na ji wannan har raina. Sai dai ka sani na lantarki ma akwai marar ƙarafa, Jaco Pastorius cire nasa ya yi, kuma shi ne ya ja hankalin Bona zuwa bas.

Mai Kontrabas, Garwa: Na sani, kuma ina son sa. Amma ba ka iya ja masa baka, kuma ba ya jingina da cikinka kana jin sa a haƙarƙari.

Ɗan Gidan Goge: Yaya tunda an zo kan baka, me kake shafawa izgar? Mu ƙaro muke gogawa.

Mai Kontrabas, Garwa: Mu ma ƙaro ne, kolofan, daga itacen turawa. Sai dai na kontrabas taushi gare shi, na taɓa barin gwangwanin ƙaro mai suna Pop's a kwance cikin jaka watan Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ya narke ya malale ya manne min takardun kiɗa da igiyar ampili. Yanzu a tsaye nake ajiye shi gindin randa. Izgar kuma ta fara ƙarewa, saura kamar rabi, ban san inda zan sake ba.

Ɗan Gidan Goge: Wannan bar min. Babana yana da mutane wajen masu kula da dawaki, baƙar izga ta ingarma ita ce mai kamu. Ban taɓa sa wa irin bakanka ba amma ka kawo mu duba tare. Kuma da hunturu ka riƙa sassauta ta sosai in ka gama, izga na tsukewa in iska ta bushe, tana iya karya maka kan bakan yana ajiye.

Mai Sono, Garwa: Tunda yau ranar gaskiya ce nima in faɗi tawa. Maigida kayanka ne mafi wahala a duk abin da nake haɗawa. Cikinta fanko ne kamar ganga, da na ɗaga murya kaɗan sai ta kama kukan larsen, ƙarar nan ta sifika in sautinta ya koma mikro, wuuu, jama'a su juyo suna harara ta ni. Abin ɗaukar sautin da ke jikin jakinka irin piyezo ne, in an soka shi kai tsaye a tebur ɗina na haɗa sauti siriri yake fitowa kamar ta hanci, yana son pireyampili, ɗan akwatin da ke ƙarfafa sautin kafin ya iso tebur, mai ƙofar megohm ɗaya ko fiye. Ka samu ƙarami mai batir. Sannan ka daina tsayawa gaban sifikar ƙasa, ka ɗora ampilinka kan kujera gefe, ni kuma zan yanke abin da ke ƙasa da hertz 40 tunda Mi ɗinka a 41 take, abin da ke ƙasa duk gurnani ne kawai. Kuma dan Allah ka sayi regilata mai daidaita ƙarfin wuta, ranar da wutar gurup ta yi tsalle ampilin ne zai fara tafiya.

Mai Kontrabas, Garwa: Na karɓa, pireyampilin yana cikin lissafi bayan bukukuwan Disamba in Allah ya yarda, don ka san da azumi ya kama aiki zai tsaya cak sai bayan Sallah, abin da aka tara yanzu da shi za a ci.

Baba Tsohon Orkes, Njamena: Ku dawo kan maganar farko, don in an gyara ba a canza wurin kwananta ba baɗi ma haka za a yi. Itacen nan yana son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu tana sauka ƙasa da 20. Ɗana a ina take kwana?

Mai Kontrabas, Garwa: A falo Baba, jingine a kusurwa kusa da taga, ba na sa ta jaka don in na tashi da asuba in ɗan taɓa.

Baba Tsohon Orkes, Njamena: To ga ɓarawon nan. Ka mayar da ita ɗakin da ya fi kowanne rufuwa, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Ka ajiye randa ko tulu biyu cike da ruwa a ɗakin, irin na ƙasa mai tsatsa, ka shanya jiƙaƙƙen zane. Ita kuma kullum cikin jakarta, ka sa soso mai laima a leda ka huda ledar ka ajiye cikin jakar, ka matse shi sosai kar ɗigo ɗaya ya taɓa katako domin ruwa ne ke narka gam ɗin. Ka nemi ɗan agogon auna laima, ba shi da tsada. Kar ta kwanta a ƙasa tsirara saboda gara, kyankyasai ma suna son gam ɗin fata. Za ka lura da rani tsirkiyoyi na matsowa kusa da allon wuya har su riƙa karo, da damina su yi sama yatsu su yi bororo, ba wani ciwo ba ne numfashinta ne, in jakinka na da 'yan ƙafafun murɗawa sai ka riƙa bi da su.

Kafinta, Marwa: Baba baƙin allon wuyan wane itace ne? A hoton da ya turo kamar na san shi.

Baba Tsohon Orkes, Njamena: Eben ne, ɗan uwan kanyar da kuke sha, sai dai shi na kurmi ne. Kurmin kudancin Kamaru na cikin manyan wuraren da duniya ke samunsa, har kamfanin gita na Taylor ya shiga hannun jari a wata masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Ba mamaki allon nan daga ƙasarku ya tafi Romaniya ya dawo.

Mai Kontrabas, Garwa: Salam jama'a, ga labari bayan kwana 5. Gammunan kafinta sun iso ranar Talata, Allah ya biya shi ya ƙi karɓar ko dala. Gam ɗin na same shi wurin wani dattijo mai gyaran tsofaffin kujeru, a gwangwanin madara ya ciro min, shi da kansa ya zo ya narka. Mahaɗa ta kama, na ƙwanƙwasa gefen duka da bayan yatsa ba inda ya yi amon fanko. 'Yar sandar ce ta ba mu wuya, wani maƙeri ya lanƙwasa min ƙarfe ya fiƙe bakinsa yadda Baba ya zana a hoto, muka kwantar da ita kan katifa, ɗana na riƙe da tocila da ɗan madubin moto, Baba na kan bidiyo daga Njamena yana cewa matsa ciki, ya yi yawa, dawo. Sau 9 tana faɗuwa. Da ta tsaya sai muka ga ashe tsohon gurbinta ya bar alama a katakon baya, zagaye fari, muka tura ta a hankali ta zauna a kai. Na ɗaure tsirkiyoyi kaɗan-kaɗan ina duba jakin. Zizin ya tafi. Sai dai Sol ta ɗan yi tsini fiye da da, ban sani ba ko kunnena ne.

Baba Tsohon Orkes, Njamena: Alhamdulillah. Ba kunnenka ba ne, wataƙila ta matsu kusa da ƙafar jakin. Kar ka taɓa ta yanzu, ka yi bikin Asabar tukuna, ranar Litinin bayan la'asar ka kira ni mu ja ta baya kamar faɗin ƙwayar shinkafa.

Bas Lantarki, Ngaundere: Barka yaya. Asabar ina Garwa, zan zo da mota in ɗauke ku kai da ita, ka gaya wa mai taksinka ya huta. Ƙarfe nawa za a fara?

Mai Kontrabas, Garwa: Bayan isha'i, amma ka zo tun 5 don Mai Sono na son mu gwada sabon wurin tsayuwar.